Daudu, Harka da Lafiya: Tarken Littafin Gaudio a kan 'Yan Daudun Kano

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2009 ne kamfanin ɗab'i na Wiley-Blackwell ya fito da littafin Rudolf Pell Gaudio mai suna Allah Made Us, wanda ya yi nazarin rayuwar 'yan daudu da maganarsu a birnin Kano. Marubucin Ba'amurke ne, masanin harshe da halayyar al'umma, kuma a kan wannan fanni ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Stanford a 1996, bayan ya zauna a Kano a farkon shekarun 1990. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna littafin ta fuska uku, watau yadda ya fayyace ma'anar daudu, da yadda ya sarrafa Hausar da ya tattara, sa'an nan da abin da bincikensa yake nufi ga lafiyar mutanen da ya yi magana a kansu. Hukuncin da addini ya yanke game da luwaɗi sananne ne, ba shi ne abin tattaunawa a nan ba. Abin dubawa shi ne ko littafin ya faɗi gaskiya, da kuma amfanin da gaskiyar za ta yi.

2.0 Matsayin Littafin Cikin Ayyukan da Suka Gabace Shi

Gaudio ba shi ne farkon wanda ya taɓo wannan batu ba. Fremont Besmer, a littafinsa na 1983 kan bori, ya danganta 'yan daudu da iskan nan Ɗan Galadima, dangantakar da take samun ƙarfi daga kasancewar Daudu inkiya ce ta Galadima a sarautar Hausa. Renée Pittin kuwa ta gamu da su a gidajen mata masu zaman kansu a Katsina, inda suke dafa abinci suna kuma shiga tsakani. Duk waɗannan ayyuka sun hango ɗan daudu ne a gefen wani abu dabam, ko dai a gefen bori ko a gefen karuwanci. Gudummawar Gaudio ita ce ya ɗauko shi daga gefe ya ajiye shi a tsakiya, ya saurari yadda yake magana da 'yan'uwansa, da yadda yake neman abinci, da yadda yake kallon addininsa.

Lokacin binciken ma ya ƙara masa daraja. Marubucin ya san Kano kafin a ƙaddamar da shari'a a 2000, ya kuma sake komawa bayan haka, saboda haka ya ga yadda sana'o'in da suka dogara da bariki suka tsuke, da yadda mutanen da a da ake gayyatarsu girki da rawa a wurin biki suka koma ɓoyo.

3.0 Bambancin Daudu da Harka

Mafi ingancin abin da littafin ya ƙunsa shi ne rarrabewar da ya yi tsakanin daudu da harka. Daudu hali ne da ake gani a fili: namiji ya ɗauki salon magana irin na mata, da karairaya, da habaici, da sana'ar tuwo ko suyar kaji. Harka kuwa, a bakin masu ita, saye ne da ake nufin mu'amalar namiji da namiji da shi, kuma a ɓoye take. Akwai mai harkar da bai taɓa ɗaura zane ba, ba kuma wanda zai zarge shi a kasuwa ko a masallaci. Haka nan 'yan daudu da yawa suna aure, suna haihuwa, suna riƙe gida, suna zuwa Makka, wasunsu har sun yi zaman neman kuɗi a Jidda. Ke nan wanda ya fassara ɗan daudu da ɗan luwaɗi kai tsaye ya haɗa abu biyu da Bahaushe ya raba, wanda kuma ya fassara shi da kalmomin da ƙungiyoyin Turai da Amurka suke kiran kansu da su ya ɗora masa tarihin da ba nasa ba. Gaudio ya lura da wannan tarko, har ya keɓe babi guda ga matsalar fassara.

To, amma a nan ne kuma littafin ya yi tuntuɓe da kansa. Ƙaramin taken da ke bangonsa ya gabatar da 'yan daudu a matsayin masu keta doka ta fuskar jima'i. Wannan take ya jawo hankalin mai karatu zuwa ga harka, alhali shafukan ciki sun fi nuna daudu a matsayin sana'a da zumunci da fasahar baki. Mai yiwuwa ne kasuwar littattafai ta ƙasashen waje ce ta buƙaci irin wannan take, sai dai abin da ya haifar shi ne ƙarfafa zaton da littafin ya zo gyarawa.

4.0 Hausar Littafin

Nahawun Hausa yana bambanta jinsi a wakilin suna na mutum na biyu, watau kai da ke, ka da ki, naka da naki. Ingilishi ba shi da wannan bambanci. Su kuwa 'yan daudu a kan wannan gaɓa ce suke gina yawancin wasansu: mutum ya kira abokinsa da ke a cikin ɗaki, ya kira shi ƙawa, ya kira babbansu uwa, sa'an nan da baƙo ya yi sallama a koma kai da malam ba tare da an tsaya ba. Marubucin ya gane haka, ya kuma yi ƙoƙarin nuna shi ta hanyar kawo zantukan da Hausa tare da fassararsu. Duk da haka, mai karatun da ba ya jin Hausa bayani kawai zai samu, daɗin juyin da ke cikin zancen ba zai kai gare shi ba. Mai jin Hausa kuma, wanda shi ne zai fi cin moriyar misalan, sai ya ratsa ta cikin Ingilishin masana kafin ya kai gare su. Littafin ya tsaya ke nan tsakanin masu karatu biyu, kowanne da rabin rabonsa.

Akwai kuma tambayar amana. Yaren harka saye ne, amfaninsa kuwa shi ne kada na waje ya gane. Marubucin ya sauya sunayen mutanen da ya zanta da su, wanda daidai ne, ya kuma rufe littafin da batun rufin asiri. Amma sauya suna yana kare mutum guda ne, ba ya kare kalmar da jama'a duka suke fakewa da ita. A 2009 ana iya cewa littafin Ingilishi mai tsada ba zai kai hannun mai neman cutar da su ba. Zamanin intanet ya raunana wannan hujja. Wannan darasi ne ga ɗaliban da suke nazarin kowane irin saye, ko na mahauta ne ko na 'yan kasuwa: sai a auna abin da bayyanawar za ta jawo wa masu shi kafin a buga.

5.0 Batun Lafiya

Littafin ba na kiwon lafiya ba ne, amma abin da ya gano ya fi muhimmanci a wannan fage fiye da ko'ina. Binciken da gwamnatin tarayya take gudanarwa a kan rukunonin da suka fi fuskantar haɗari ya nuna cewa yawan masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a cikin maza masu mu'amala da maza ya tashi daga kashi 13.5 cikin ɗari a 2007 zuwa 17.2 a 2010, sa'an nan 22.9 a 2014. A ɗaya ɓangaren, binciken ƙasa baki ɗaya na 2018 ya sami kashi 1.4 cikin ɗari a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Tazarar tana da faɗi ƙwarai.

A watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga mai kafa ƙungiyarsu ko mai goya mata baya. Wani bincike da mujallar Lancet HIV ta buga a 2015, wanda aka yi da maza 707 a Abuja, ya nuna cewa masu tsoron zuwa neman magani sun ƙaru daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari bayan dokar, masu ƙaurace wa asibiti kuma daga 20 zuwa 28. Wanda ya ƙi zuwa gwaji ba zai san matsayinsa ba, wanda ya yanke shan magani kuma ƙwayar takan sake yawaita a jininsa, ta fi saurin kama wani.

A nan ne rarrabewar daudu da harka take zama maganar rai. Idan ma'aikacin lafiya ya ɗauka ɗan daudu shi ne kaɗai abin nema, zai tsangwami wanda ake gani, ya bar magidancin da ba a gani, tare da matarsa da abin da za ta haifa. Idan kuma ya zo da takardar faɗakarwa da aka fassara daga Ingilishi, mai kiran mutane da sunan da ba su san kansu da shi ba, ko da kalmar luwaɗi wadda hukunci ne a cikinta, ba wanda zai amsa. Bugu da ƙari, littafin ya bayyana tsarin uwa da 'ya'yanta da ƙawaye, inda babba yake ba ƙarami masauki da abinci da jari. Irin wannan zumunci shi ne mafakar wanda danginsa suka guje shi, kuma da shi mai aikin jinya zai iya isa ga majinyaci. Gaudio ya zana tsarin da kyau, sai dai bai bi shi har zuwa ƙofar asibiti ba, kuma wannan ne babban giɓin aikin.

6.0 Kammalawa

Littafin Gaudio aiki ne na haƙuri da sauraro, kuma duk mai nazarin jinsi a harshen Hausa ba zai iya tsallake shi ba. Rauninsa uku ne: take mai karkatar da hankali, fassarar da ta kasa ɗaukar kai da ke, da kuma gajarta batun lafiya. Biyun ƙarshe aiki ne da ya rage wa masana Hausa, domin su ne za su iya tantance kalmomin da likita zai tambayi majinyaci da su ba tare da ya kunyata shi ko ya tona masa asiri ba. Sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun daɗe suna ƙirƙiro kalmomin kimiyya da na nahawu. Kalmomin ɗakin duba marasa lafiya ma suna bukatar irin wannan kulawa, kuma bayanan da littafin ya tattara sun isa a fara aikin da su.