Aku a Gaban Aji: Tarken Dabarun Koyarwa a Magana Jari Ce

Gabatarwa

Manazarta sun daɗe suna tattauna Magana Jari Ce ta fuskar jigo da salo da tushen labaransa, amma ba kasafai ake tuna cewa malamin makaranta ne ya rubuta shi, kuma domin 'yan makaranta ba. Alhaji Abubakar Imam (1911-1981) ya sami horo a Kwalejin Katsina, yana cikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936, inda ya zauna tare da Dokta R. M. East ya rubuta littafin. An buga shi cikin juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939. Manufar wannan maƙala ita ce mu dubi Aku, tauraron littafin, a matsayin malami, sa'annan mu auna dabarunsa da muhawarar da ake yi kan shigar da na'ura cikin aji. Wanda muke da shi a zuci shi ne malamin Hausa a gari irin Karshi, a Yankin Babban Birnin Tarayya, domin a hannunsa littafin yake, kuma shi ake yi wa alkawarin na'urar.

Tantabara da kwamfuta

Duk na'urar koyarwa tana ɗauke da ra'in wanda ya ƙera ta game da yadda yaro yake koyo. A shekarun 1950 B. F. Skinner na Amurka, wanda ya yi suna wajen horar da tantabaru, ya ƙera akwatin koyarwa mai gutsuttsura darasi. Yaro ya ba da amsa, akwati ya nuna masa nan take ko ya dace, sai a wuce gaba. A wannan mazhaba, koyo maimaici ne da lada. Seymour Papert, wanda ya yi aiki da Jean Piaget, ya saɓa wa wannan. A ganinsa yaro da kansa yake gina saninsa ta hanyar ƙera abu, saboda haka a ba shi kwamfuta a ƙyale shi ya sarrafa ta.

Ra'in Papert bai tsaya a takarda ba, har Abuja ya iso. A 2007 shirin Nicholas Negroponte na bai wa kowane yaro kwamfutar cinya ya yi gwaji a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen birnin. Aka raba wa yara 'yan kwamfutoci masu launin kore da fari, 'yan jaridar duniya suka yi ta zuwa ɗaukar hoto. Ba a daɗe ba matsalolin wutar lantarki da gyara suka taso, cinikin kwamfutoci miliyan ɗaya da aka yi ta faɗa kuwa bai tabbata ba. A ƙasar Feru, inda aka raba irin waɗannan kwamfutoci dubu ɗaruruwa, binciken da aka fitar a 2012 bai ga wani ƙarin ƙwazo a lissafi ko harshe ba. Ba ma ganin laifin Papert ne kacokan. Laifin na waɗanda suka fahimci maganarsa da cewa an sallami malami ne.

Aku a matsayin malami

Zaɓen aku da Imam ya yi akwai ban mamaki a ciki. A wurin Bahaushe aku tsuntsu ne mai maimaita abin da ya ji ba tare da sanin ma'anarsa ba, wato dai akwatin Skinner mai fuka-fukai. Amma Akun Imam ya saɓa wa wannan ɗabi'a tun daga juzu'i na farko. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, Musa ɗan Sarki yana neman fita ya faɗa tarko. Aku ba shi da ƙarfin tare ƙofa, sai baki. Abin lura shi ne ba ya jero labarai kamar mai karanta jadawali. Yakan dubi halin da Musa yake ciki a wannan dare, ya saurari abin da ya faɗa, sa'annan ya kamo labari daga bakin maganar, ya kuma ja shi daidai tsawon da zai kai gari ya waye. Labarin kayan aiki ne, amma sanin wane labari, ga wa, kuma yaushe, wannan shi ne aikin malanta. Babu shi a cikin akwati, babu shi a cikin kwamfutar Galadima.

A juzu'i na uku abin ya fito fili, domin a nan Waziri Aku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar magana. Bai wadatu da Fasih ya saurara ba, sai ya buɗe baki shi ma ya gwada, uban yana gyara masa. Masu ilimin koyarwa za su tuna da Lev Vygotsky na Rasha, wanda ya rasu a 1934, da bayaninsa kan tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan wanda ya fi shi sani ya tallafa masa. Ba mu ce Imam ya karanta shi ba. Muna ganin aji ne ya koya masa, da kuma zauren malaman da ya tashi a cikinsa, inda almajiri yake biya karatu malam yana gyara masa baki da baki.

Sai dai kada son littafin ya rufe mana ido. Musa na juzu'i na farko ɗalibi ne da ake juyawa ba da saninsa ba; an tsirar da ransa, amma ba a nuna masa yadda zai gane makirci da kansa ba. Tarbiyyar Fasih kuma ta bafade ce, wadda ƙarshenta shi ne faranta wa sarki rai. Malamin da ya kwashi wannan duka ya kai aji zai yaye masu daɗin baki, ba masu tambaya ba. A nan Papert yana da gaskiyarsa.

Darasi mafi girma, a ganinmu, yana cikin yadda Imam ya yi da kayan aro. Labaran da yawa daga waje suka zo: daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm, har shi kansa tsarin aku mai hana fita da dare yana da asali a adabin Indiya. Labarin Kalala da Kalalatu ya isa misali. A Jamus kuyanga ce mai dafa abinci ta cinye kaji ta tsorata baƙo da batun yanke kunne. A hannun Imam ta zama matar gida, mijinta kuma ya zama irin mutumin da kowane mai karatu zai rantse ya san shi a unguwarsu. Imam bai ƙi baƙon abu ba, bai kuma miƙa shi ɗanye ba. Masu kawo na'ura makarantunmu wannan matakin ne suke tsallakewa.

Ajin Karshi

Wanda ya bi hanyar Nyanya da Karu da Jikwoyi da Orozo ya isa Karshi zai tarar da aji mai harsuna da yawa. Akwai 'ya'yan Gwandara, waɗanda harshensu shi ne mafi kusa da Hausa, ga Gbagyi, ga 'ya'yan ma'aikatan da tsadar haya ta koro daga tsakiyar Abuja. Yaron Gwandara zai ji kalmar Hausa ta yi masa kama da tasa alhali ma'anarta ta ɗan goce. Wani kuma Hausar kasuwa kaɗai ya iya. Manhajar da aka tsara a wata ƙasa ba ta san wannan bambanci ba, malamin da ke tsaye gabansu ne ya sani.

Ba muna cewa ya guji na'ura ba ne. Wayar da ke aljihunsa tana iya naɗar murya, wannan kuwa ya isa. Sai ya karanta musu Kalala da Kalalatu, ya sa kowane yaro ya nemo labarin mai wayo irin wannan daga bakin kakarsa, da Gwandara ko Gbagyi ko Hausa, ya naɗo ko ya haddato. A aji a saurara, yaron ya mayar da shi Hausa a rubuce, 'yan'uwansa su nuna inda labarin ya yi rauni, malam kuma ya gyara ƙa'idar rubutu, musamman ɓ da ɗ da ƙ waɗanda yawancin masu rubutu a waya suke yarwa.