Yaji da Biko: Kotun Farko ta Gidan Aure

A ƙasar Hausa, matar da ta yi yaji ba ta ce aure ya mutu ba. Ƙara ta shigar da ƙafafunta. Takan ɗauki mayafi da goyonta ta nufi gidan iyayenta, ko na waliyyin da ya ba da aurenta, ta bar gado da jerenta a ɗaki, alamar akwai sauran zama. Daga wannan lokaci matsalar da ke ɓoye a bayan labule ta zama ta dangi biyu.

Nauyin sai ya koma kan miji, domin shi ne zai yi biko. A al'ada ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan tura kawunsa, ko amininsa, ko wani dattijon unguwa da surukai ke jin kunyarsa. A zauna a zaure, gwaggo ta shiga ciki ta ji ta bakin 'yarta, domin akwai maganar da mace ba za ta iya faɗa a gaban mahaifinta ba. Wanda ya yi laifi a yi masa faɗa, a gindaya sharaɗi, sannan a rako ta ɗakinta, sau da yawa da ɗan turmin zane ko turare na ban haƙuri. Wannan tsari ya dace da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni a naɗa mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata.

Hikimar al'adar tana cikin tazarar da take bayarwa. Zuciya takan huce, miji ya ɗanɗana gidan da babu uwargida, kuma bakinsa bai furta saki ba.

Rauninta kuwa yana bayyana ne a ranar da aka mai da biko bikin mayarwa kawai. Iyaye da yawa, don gudun a ce 'yarsu ta kasa zaman aure, sukan tare ta tun daga soro da “yi haƙuri, aure ibada ne”, ba tare da an tambaye ta abin da ya koro ta ba. Idan duka ne ko yunwa, haƙurin da aka ɗora mata ya zama lasisi ga mai zaluntarta. Za ta koma, ta sake fitowa, har a ƙare a gaban alƙali ana lissafin kuɗin hul'i.

Yau da zaman birni ya raba dangi, ma'aurata da yawa a Kano suna kai kukansu ofishin Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, ko wurin limami da mai unguwa. Zauren ya sauya, amma ma'aunin bai sauya ba. Duk mai shiga tsakani, dole ya saurari ɓangare biyu, ya kira laifi da sunansa, ya kuma waiwayi gidan bayan an mayar da ita don ya ga ko an cika alkawari. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai an kwance kayan an duba inda suka karkace.