Jinjina ga Masu Dandalin 'Yanci na Jenin

Yaron Goron Dutse ya san daɗin tashe: goma ga azumi a shafa gawayi, a sa gemun auduga, a kwaikwayi tsoho, unguwa ta yi dariya. A sansanin 'yan gudun hijira na Jenin da ke Falasɗinu, irin wannan wasa ya zama magani.

Wata mata mai suna Arna Mer-Khamis ce ta fara. Lokacin intifada ta farko, wato boren Falasɗinawa, ta tara yaran da aka rufe musu makarantu, ta ba su fenti da takarda, ta bar su su yi ihu, su kwaikwayi sojan da ke firgita su cikin dare. Da kuɗin wata kyauta da ta samu a 1993 ta gina ɗan dandalin wasan kwaikwayo a saman gidan wasu mazauna sansanin, iyalan Zubeidi. Sojojin Isra'ila sun rushe shi a 2002. Ɗanta Juliano ya sake buɗe shi a 2006 da sunan Freedom Theatre, wato Dandalin 'Yanci, kafin a harbe shi a ƙofar wajen a Afrilun 2011.

Abokan aikinsa ba su watse ba, ko bayan samamen sojoji na Disambar 2023. Nan ne suka burge ni. Yaron da ya ga gawar ɗan'uwansa da wuya ya buɗe baki gaban likita, amma a ba shi rawar wani ya taka, sai abin da ke cinsa ya fito.

Allah ya ƙara musu ƙarfin gwiwa. Mu ma a Kano muna da matasan da damuwa ta tura shan ƙwaya. Masu wasan kwaikwayonmu, ku leƙa matasan nan.