Gurasa Ko Masa? To, Ina Aka Bar Fura?

'Yan'uwa ɗalibai, gardamar nan ta gurasar Kano da masar Bauchi tana bukatar gyara. Bakano ya ce daga bandashe, wato gurasa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, an rufe ƙofa. Mutumin Bauchi ya ce sai masa da miyar taushe. Ko a Italiya haka mutanen Napoli da Rum ke yi kan pizza.

Aibinta shi ne birni kaɗai take kallo. Ɗalibin da ya tashi Ɗantutture sai ya yi shiru, yana kunyar ambaton furar gero. Alhali kuwa ita ke riƙe manomin da ya noma gyaɗar bandashen, tun hantsi har la'asar. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.