Jirgin Hugh da tafasar kakanninmu

A 1995 tashar Channel 4 ta Birtaniya ta fara nuna A Cook on the Wild Side, shirin Hugh Fearnley-Whittingstall mai dafa abin da ya samo a daji. Zangon farko a mota ya yi shi. A na biyu jirgin ruwa ya shiga, yana bin koguna, yana tsinkar ganye da kama kifi.

Shirin na da daɗin kallo, don jirgin ba ya sauri, ido na gane ganyen kafin ya shiga tukunya. Abin da babu a ciki shi ne yunwa. Hugh na da kasuwa a bayansa, in kogi ya hana shi ba zai kwana da ciki wayam ba. Kakanninmu da suka ci kwaɗon tafasa da yaɗiya a tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba, ba su da wannan zaɓin. Shi ya sa muke jin kunyar irin abincin da yake alfahari da shi.

Sai dai shi ya naɗi iliminsa a kamara. Namu yana wurin tsofaffi, kuma har yau ba mu je mun tambaye su ba.