Masu Fosta, Ku Ƙyale Mana Bangon Nan

Ku da kuka saba zuwa bikin Chale Wote kun san yadda unguwar Jamestown ta riƙa cika maƙil a watan Agusta a shekarun baya. Tun 2011 da aka fara bikin nan a Akara, masu zane suka riƙa hawa tsani da gwangwanayen fenti, suna mai da tsohon bango abin kallo, tun daga wajen hasumiyar fitilar jiragen ruwa har Ussher Fort. 'Yan unguwar Nima ma suna da hannu a ciki, aikin Moh Awudu kaɗai ya isa shaida. Ina ƙaunar bikin nan sosai, shi ya sa abin da ke biyo bayansa yake ci mini rai.

Ana watsewa, sai ga masu fosta da bokitin sitacinsu. Zanen da mutum ya wuni cikin rana yana yi, fenti har gwiwar hannu, cikin dare ɗaya za a lulluɓe shi da fuskar ɗan takara. Gobe sanarwar jana'iza ta hau kai, jibi tallar maganin basir. Haba jama'a! Duk bangon da ke garin nan, sai mai zane ne ya yi muku? In ka ɓare takardar ma, tare da fentin take tasowa, ta bar farin tabo a tsakiyar aikin. Dama iskar teku na cin bangon a hankali, ga kuma wannan.

Mu 'yan kallo ma da laifinmu. Mun iya cin ado mu tsaya gaban zane a ɗauke mu hoto, mu zuba a Instagram. Wa ke komawa a Nuwamba ya ga halin da bangon yake ciki?

Na yarda, bango na mai gida ne, kuma mai talla ma abinci yake nema. To, a kafa masa allo a bakin titi mana.

Kamfanonin da ke baje tutocinsu a wurin biki su ware wani abu na fentin gyara, a damƙa wa mai zanen. Kowane bango kuma a ɗora amanarsa a hannun matasan layin, da ɗan hasafi. In yaron unguwa ne ya riƙe wa mai zane tsani, da wuya ya zuba ido a shafa wa aikin sitaci.