Hadda ta yi yawa a buɗin wasan ces

Ta waya darar Turawa, wato ces, ta shigo mana Zongo. A Aboabo ko Asawase za ka tarar da dattawa a benci suna dame, suna doka ƙwaya a kan allo da ƙarfi, matashi kuwa yana gefe, idonsa a kan Lichess ko Chess.com. Wannan ya yi mini daɗi. Yadda matasan ke koyon ces ɗin ne ke damuna.

Yaro zai haddace buɗin Sisiliya tun daga tura sojan farko har nisa, hannunsa na gudu, ko numfashi ba ya ja. Sai abokin karawa ya kauce, ya ajiye doki inda bidiyon YouTube bai ambata ba. Nan take hannun ya tsaya cak a sama, ido ya raina fata. Bai san dalilin ko ɗaya daga cikin abin da ya buga ba.

A wurin manya yaran suka ga wannan hadda. A Landan, cikin 2000, Vladimir Kramnik ya tare Garry Kasparov da buɗin Berlin, inda ake musayar sarauniya tun da wuri. Kasparov bai ci wasa ko guda ba, kambun duniya ya suɓuce masa. Sai dai Kramnik ya san amfanin kowace ƙwaya da ya taɓa, ya kuma san irin ƙarshen wasan da yake jan abokinsa zuwa gare shi. Yanzu da manhaja irin Stockfish ke hannun kowa, gwanaye kan zo gasa da shirin gida, su zazzage wa juna, a tashi canjaras. Su da wannan suke cin abinci. Ɗan sakandare a Sabon Zongo fa, me hadda za ta ƙara masa tun bai iya kai soja ɗaya gidan ƙarshe ba?

Bobby Fischer ya hango matsalar. A 1996 ya gabatar da salon da ake hautsina jerin manyan ƙwayoyi kafin a fara, jeri iri 960, ba mai iya haddace su. Magnus Carlsen ma ya rungumi salon, har ya lashe gasarsa a Jamus a 2024.

Ina roƙon malaman da ke haɗa wa yaranmu gasa a makarantu su ware zagaye ɗaya na irin wannan. Allon da ake da shi ya isa, ba sai an kashe ko sidi ɗaya ba.